Jakunkuna Talatin da Shida

Matar da ta zo tarbata a filin jirgin Frankfurt ba ta tambaye ni hanya ba, ba ta tambaye ni mutanen gida ba. Ta ɗaga takarda mai sunana, Rakiya, ta miƙo min hannu ta ce sunanta Katrin, kafin mu kai wajen mota ta ce da Turanci, "Akwai matsala game da kayanku." A lokacin kunnuwana ba su gama buɗewa daga ƙugin jirgi ba, ga sanyi yana shigowa ta ƙasan zanina kamar aiko shi aka yi. Na ce a raina, wannan wace irin tarba ce, ko ruwa ba a ba baƙo ba.

Mu mata talatin da ɗaya ne a Kano, yawancinmu a Gyaɗi-Gyaɗi, wasu a Unguwa Uku da Unguwar Gano. Jakunkuna muke ɗinkawa da rinannen yadi, mu yi musu ado da zare da allura. Shekara huɗu ke nan wata ƙungiya a Jamus take saye, irin masu abin da suke kira cinikin adalci, wato su sayi kaya kai tsaye daga hannun wanda ya yi, a farashin da zai ci ya sha, ba dillali a tsakani. Maƙwabciyata Maman Ebuka, 'yar Ibo da ta fi shekara ashirin a layinmu, ita ta haɗa mu da su ta hanyar mutanen cocinsu. Ni aka yi wa sakatariya don na gama sakandare, ina ɗan lallaɓa Turanci. A wannan shekarar suka gayyace ni in zaga shagunansu in ba da labarinmu kafin Kirsimeti, lokacin da za a baje aikinmu na shekara guda cur, kwali goma sha biyu. A cikinmu akwai waɗanda mazansu suka rasu, akwai waɗanda mazan suna nan amma da su da babu duk ɗaya. Da wannan cinikin ake ɗora tukunya a gidaje da yawa, har da nawa.

Ofishin ƙungiyar yana wani ƙaramin gari, tafiyar awa biyu a mota. Katrin ta zaunar da ni, ta juyo min da kwamfuta. Ga hoton kwalayenmu a buɗe a kan wani dogon tebur, na gane rubutuna a jikinsu.

"Takarda ta ce jaka hamsin a kowane kwali," in ji ta. "Kwastan sun buɗe sun tarar da hamsin da uku. A kowane ɗaya. Sun riƙe kayan gaba ɗaya."

Shekarun baya ni nake rufe kwalaye da hannuna. A wannan karon ranar rufewa ta faɗo daidai da ranar da aka kira ni kan maganar biza, sai na bar wa Inna Delu. Inna Delu ita ce babbarmu, ta haura saba'in, ita ta koya wa rabinmu riƙon allura, har da ni. Tun shekarar farko take ƙorafi. Takan ce, "Mutanen nan ba sa tayi. Ki faɗi kuɗi su biya, ko albarka ba sa jira a ce musu. Wanda ya yi miki haka, ki sallame shi ba gyara? Ina kunya ta tafi?" Mukan yi dariya mu wuce.

Na gyara zama na fara yi wa Katrin bayani. Na ce a wajenmu in ka sayi tumatir ko gyaɗa, bayan an auna maka, mai kaya zai ɗebo kaɗan ya ƙara. Gyara ke nan. Ba a sa shi a lissafi, godiya ce, kuma in an hana ka sai ka ji an raina ka.

Ta saurare ni tsaf, sannan ta ce, "Wa ya biya waɗanda suka ɗinka waɗannan talatin da shidan?"

"Ba wanda ya biya. Kyauta ce."

"Ke nan akwai matan da suka yi aiki ba a biya su ba."

"Su suka so!"

"Haka kowane mai masana'anta yake faɗa," ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba. Ta yi min bayani cewa a tsarinsu kowace jaka sai an san sunan wadda ta yi da abin da aka ba ta. Waɗannan ba su da suna. Ko dai muna da wasu mata a ɓoye da muke ci da guminsu, ko kuma wani muke shigar wa da kaya a ƙarƙashin sunan ƙungiyarsu. Kwamiti zai zauna nan da kwana tara. In bai gamsu ba, za a cire mu. Zagayen shagunan kuwa an dakatar.

Ni mutum ce mai saurin fushi, ko mijina ya shaida. Amma fushi da Turancin sakandare ba ya zuwa ko'ina. Sai hawaye kawai, ita kuma ta turo min kwalin tishu ta koma kan kwamfutarta.

Aka ajiye ni a wani ɗaki a saman ofishin. Da safe burodi mai tauri da cuku mai sanyi, da yamma ma haka. Garin shiru kamar an yi rasuwa. Ba kiran salla, ba ƙahon adaidaita sahu, ba mai talla, maƙwabci ba zai leƙo ya ce kin tashi lafiya ba. Ni da nake zagin hayaniyar Titin Gidan Zu kullum, sai ga ni ina buɗe taga ko zan ji wani ya yi tari. Rana kuma tun kafin ta gama fitowa ta fara haramar komawa.

Na kira Maman Ebuka na faɗa mata abin da ya faru, na roƙe ta kada ta faɗa wa kowa.

"Yesu!" ta ce. "Rakiya, wallahi da ni a ciki. Kowa ɗaya ta bayar, Inna ta cika sauran da hannunta. Ta ce kar a gaya miki, ke 'yar takarda ce, hanawa za ki yi."

"Ke ma, Maman Ebuka? Ke da kika san Turawa?"

"Ni a Kano na tsufa fa. Ko ni in na sayar da garin kwaki sai na ƙara. Yanzu yaya za a yi?"

Na ce zan sake kiranta, na kashe wayar. A zauren wayarmu kuwa mata sai turo saƙo suke, a turo hoto, a nuna musu shagon da aka rataye jakunkunansu. Na riƙa tura musu hoton bishiyoyi da jirgin ƙasa.

A kwana na huɗu zama ya gagare ni. Na ce ni da kaina zan je inda kayan suke in yi wa jami'in kwastan bayani, ai mutum ne, yana da uwa. Na hau jirgin ƙasa na koma Frankfurt. A babbar tashar na tsaya ina juye-juye, na rasa ƙofar da zan bi, ina faɗar innalillahi a fili. Sai na ji an ce a bayana, "Hajiya, daga Kano?"

Ban san lokacin da na juya ba. Wani mutum ne fari dogo da hular sanyi, ya ce sunansa Sabo, a bayan kasuwar Tarauni aka haife shi. Ya ambaci masallacin da ke kan kwana, ya ambaci mai ƙosan da take zama a bakin kwalbati. Kwana huɗu ban ji Hausa daga bakin mutum a tsaye ba. Cikin minti goma na zazzage masa komai.

"Kai, wannan ai ƙaramin abu ne," ya ce yana dariya. "Aikina ke nan, fitar da kaya. Akwai wani a ciki, mutumina ne. Sai dai ba a zuwa masa hannu rabbana. Ke 'yar gida ce, ni ba na son komai."

Ni da na zo kare sunanmu daga zargin rashin gaskiya, ni ce na buɗe jaka na ba shi guzurina kaf. Ya duba ya ce ba zai kai ba. Na cire 'yan kunnena na zinari, waɗanda mahaifiyata ta bar min, na ɗora masa a tafi. Ya kai ni wani shagon shayi na Turkawa a bayan tasha, ya ce in zauna, awa ɗaya ya dawo da takarda.

Tun hantsi nake zaune. Azahar ta wuce, la'asar ta kawo jiki. Lambar da ya ba ni ba ta shiga. Duk wanda ya turo ƙofa sai na miƙe. Mai shagon, wata mata mai jiki da ɗankwali, ta daɗe tana kallona. Can ta zo ta taɓa kunnenta, ta nuna nawa, ta girgiza kai. Ba mu da yare ɗaya, amma na gane ba ni ce ta farko da aka ajiye a kujerar nan ba. Ta kama hannuna ta kai ni wani lungu a cikin sito, tsakanin buhunan shinkafa, ta shimfiɗa min darduma. Na yi sallolina ina kuka kamar yarinya. Da na fito na tarar da miyar wake mai zafi da shayi a kan tebur. Na nuna mata jakata ba komai, ta ture hannuna. Da ba don tikitina na zuwa da dawowa ba ne, ban san inda zan kwana ba.

Ban faɗa wa Katrin ba. Da wane baki? Kwana biyu ina kwance, ina tunanin fuskokin matan nan ɗaya bayan ɗaya, da yadda zan tsaya a gabansu in ce cinikin ya mutu a hannuna. Na roƙi Allah abubuwan da bai kamata a roƙa ba.

A kwana na bakwai Katrin ta ce wata 'yar kwamiti tana son ganina. Sunanta Helga, tsohuwa ce tukuf, tana da ɗan shago a jikin wani coci a ƙauyen da ke gaba. Shagon bai fi ɗakina na Gyaɗi-Gyaɗi ba, cike da kofi da zuma da kwanduna. Ita ce mutum ta farko a ƙasar da ta tambaye ni 'ya'yana nawa. Ta dafa kofi, ta zaunar da ni kusa da abin ɗumama ɗaki, ta ce in faɗa mata gyaran nan daga farko. Da na gama sai ta yi dariya har da share ido.

Ta ce tun tana budurwa take cikin wannan harka. A lokacin ba shago, ba ofis. Tebur suke kafawa a ƙofar coci bayan an tashi, su baje kwanduna da sassaƙa da kayan saƙa waɗanda masu aikin mishan suke kawowa a cikin akwatunansu. Abin da ya dame su shi ne, wanda ya yi aikin da hannunsa shi ne yake tashi da mafi ƙanƙanta, sai suka ce maimakon a yi ta aika wa mutane sadaka, a sayi kayansu da daraja. Daga baya suka shiga kofi. Ta ce kofin farko ɗaci ne da shi kamar magani, mutane suna saye ne don kunya, su kai gida su ɓoye. A zamanin sun san kowa da suna, wasiƙa ake rubutowa da hannu, wani lokaci ka buɗe ƙunshi ka tarar da abin da ba ka saya ba, ka rubuta godiya, shi ke nan.

"To me ya canza?" na ce.

"Girma muka yi." Ta ce da abin ya karɓu, aka ƙirƙiro tambari, manyan kantuna suka fara ɗauka, kuɗi ya shigo. Da kuɗi ya shigo sai masu wayo suka biyo shi, a nuna maka mata ashirin suna murmushi a hoto, wasu ɗari suna bayan gida suna aikin banza. Daga nan aka kawo masu bincike da takardu. "Takardun nan da suka shaƙe ki, saboda irinku muka yi su. Da hannuna a ciki. Ban taɓa tunanin ranar da za su kama wadda ta yi mana alheri ba."

Ta ce za ta yi magana, amma in sani bakinta ɗaya ne cikin bakwai.

Ranar kwamiti na sa atamfata mafi kyau, na ɗaura ɗankwali ya rufe kunnuwana. Na tsaya na faɗi abin da ya faru, Turancin yana karyewa ina ɗorawa. Wani mai gilashi ya tambaye ni, in da gaske kyauta ce, me ya sa aka ɓoye wa sakatariya? Na ce don sun san zan hana. Ya ce, ke nan kin san ba daidai ba ne. Na ce na san ba ya cikin takarda, amma ban san ba daidai ba ne, har yanzu ma ban sani ba. Helga ta yi magana mai tsawo da Jamusanci, har ta bugi tebur. Aka ce in fita in jira.

Ba a kore mu ba. Aka ba mu gwajin shekara guda, aka rage odarmu zuwa rabi, kuma za a turo mai bincike har Kano. In aka sake samun ko zare ɗaya da ba ya cikin takarda, magana ta ƙare. Sai batun talatin da shidan. Helga ta ce ita za ta saya da kuɗinta a biya matan. Aka ce sabunta takardu zai ci makonni, sauran ɗari shidan za su kwana a sito har Kirsimeti ta wuce. Hanya mafi sauri ita ce a sallama talatin da shidan a lalata. Kuma ni, wakiliyar masu kaya, ni zan sa hannu.

Katrin ta kawo takardar da hotunansu a liƙe. Na gane na Inna Delu nan take. Idonta ya yi rauni, ɗinkinta ya fara karkacewa, amma ba wadda take cika ado kamarta. Guda bakwai. A yadda hannunta yake yanzu, wata uku ke nan tana zaune a kansu. Na sa hannu. Katrin ta ɗan dafa kafaɗata, ta ce ta yi baƙin ciki, kuma na yarda da gaske take.

Washegari Inna ta sa aka kira mata ni.

"Rakiya, 'yar nan, kin yi shiru. Sun buɗe kayan?"

"Sun buɗe, Inna."

"To sun ga ɗan abin da muka sa? Me suka ce?"

Na ji muryoyin mata a bayanta, duk sun yi cirko-cirko suna jira. Na ce, "Sun gani, Inna. Sun yi murna ƙwarai. Sun ce a gode miki."

Ta yi guɗa da tsohuwar muryarta, ta yi ta sa min albarka har katin ya ƙare. Da na dawo gida na ce musu kasuwa ce ta yi sanyi a can, shi ya sa aka rage oda. Na gaya wa mijina 'yan kunnena sun faɗi a jirgi. Maman Ebuka kaɗai ta san gaskiya, kullum sai ta ce, "Ki faɗa wa Inna, Rakiya." Kullum sai in ce gobe.

Ranar rufe kaya na gaba muka taru a tsakar gidan Inna kamar yadda muka saba. Kwali shida. An riga an jera, ana jiran in zo in manne. Na durƙusa a kan na farko na fara ƙirgawa. Hamsin da biyar.

"Ba sai kin ƙirga ba," in ji Inna daga kan tabarma, tana murmushi. "Biyar-biyar na sa. Tunda kasuwa ta yi musu sanyi kuma ba su yar da mu ba, ai sai a ƙara musu."

Na zaro biyar ɗin na ajiye a gefe. Na buɗe na biyu na zaro. A kwali na uku Inna ta ce, "Ke, lafiyarki?"

A durƙushe na faɗa, ban ɗago kai ba. Na faɗi riƙe kayan, da kwamiti, da dalilin rage oda, da takardar da na sa wa hannu. Ban rage komai ba sai Sabo.

Inna ta ce, "Ƙona su aka yi?"

"Ban sani ba, Inna. Lalatawa dai suka ce."

"Da hannunki."

"Da hannuna."

"Kuma kika bar ni ina guɗa a gaban mutane."

Maman Ebuka ta fara cewa, "Inna, ki yi haƙuri, yarinyar nan ta sha wuya," Inna ta ɗaga mata hannu. Ta miƙe da ƙyar, ta shimfiɗa mayafinta a ƙasa, ta bi sauran kwalayen ta zaro ragowar, ta tattara jakunkuna talatin ɗin ɗaya bayan ɗaya, ta ƙulle.

"Ku rufe kayanku, Allah ya sa albarka," ta ce. "In an tafi da wannan, ki cire sunana daga takardarku. Ni ban iya sayar wa mutumin kirki abu ina ƙirga masa kamar maƙiyi ba. Na tsufa da koyo."

Kwalayen suka tafi hamsin-hamsin, suka isa lafiya. Mai bincike ya zo ya duba bai sami komai ba. Katrin ta rubuto tana yaba mana, an mayar mana da odarmu cikakkiya, tukwane suna kan wuta. Mu talatin ne yanzu. Ƙofar Inna Delu tana kan hanyata, sau biyu nake wucewa a rana, kuma kullum sai na tsaya na gaishe ta. Tana amsawa lafiya lau, har ta tambayi yara da maigida. Ba ta sake ce min in shigo ba.